Farar Wutar Motata

Motar farko da na saya 'yar Kwatano ce, kuma tun kafin ta iso Jimeta an riga an juya mata sitiyari daga dama zuwa hagu. Ban damu ba. Shekara goma sha ɗaya ina aikin gwamnati, kullum a keke mai ƙafa uku daga Luggere zuwa ofis, sai ga ni yau da makulli a aljihu. Fitilunta irin fararen nan ne masu ratsin shuɗi, waɗanda in suka kama titi har tsakuwa kana gani. A jikin motar duka babu abin da ya burge ni kamarsu.

Mai rewayan da ya duba mini ita a bayan tasha ya gaya mini gaskiya tun ranar farko. Ya sa na fuskanci bango da motar, ya kunna wuta, ya nuna mini yadda hasken ya ɗaga ta gefen hagu.

"Oga, ka gani ko? An juya sitiyari, ba a juya fitila ba. Ƙasan da aka yi motan nan, hagu suke bi. A nan kuwa hagu shi ne hannun mai zuwa. Ko dim ka sa, cikin idonshi zai shiga. Bari in cire, in sa maka irin na kowa."

Na dube shi sheƙeƙe. A raina na ce wayo ne, so yake ya kwashe fitiluna masu tsada ya sayar, ya liƙa mini na gwangwani. Na ce ya bar su yadda suke.

Duk wanda ke bin titin Yola da Jimeta bayan faɗuwar rana ya san ƙa'idar direbobi. In haskenka ya dami mai zuwa, zai ƙifta maka wuta sau ɗaya. Roƙo ne. Kai kuma sai ka sauko daga ful zuwa dim, a wuce lafiya. Wanda aka roƙa ya ƙi, an san shi da girman kai. Wanda kuwa aka roƙa ya ƙara, ashar ya yi. To ni a dim nake tafiya, amma kowa sai ya ƙifta mini. Sai na ɗauko wata ɗabi'a: in an ƙifta, in watsa ful ɗin gaba ɗaya, don mutum ya san ai da ma a ƙasa nake. Ina jin daɗin hakan, ba zan ɓoye ba. Ina ganin masu keke suna kare fuska da hannu, ni kuma ina dariya ni kaɗai a cikin mota.

A gidanmu ba a more sabon abu sai babba ya sa masa albarka. Babbanmu kuwa shi ne Hamma, yayana, malamin firamare a unguwar Adarawo da ke Yola. Ya girme ni da shekara goma sha biyu, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Mutum ne mai sanyi har yakan ba ni haushi. Ran Asabar bayan la'asar na kai masa motar. Ya zagaya ta, ya dafa saman ya yi addu'a, na miƙa masa makulli da hannu biyu kamar yadda ake yi. Ya ce mu je Jimeta Goggonmu ta gani. Shi ya tuƙa, a hankali, har masu kura suna neman wuce mu. A can muka yi magariba, muka kamo hanyar Yola duhu ya fara.

Ba mu yi nisa ba aka soma ƙifta mana.

"Me na yi musu?" in ji Hamma. "Ba a dim muke ba?"

"A dim muke. Ƙyale su, hassada ce."

Ya rage gudun da da ma babu shi. Can sai ga wani keke yana tahowa da 'yar fitilarsa guda. Ya ƙifta. Ya sake ƙiftawa. Ya ƙifta na uku yana danna ham. Raina ya ɓaci. Ban ce wa Hamma komai ba, na miƙa hannu ta ƙarƙashin nasa, na ja sandar wuta na riƙe.

Titi ya yi fari fat. Na ga fuskar direban keken sarai, ido a runtse, hannu ɗaya a goshi. Keken ya karkata, ya sauka daga kwalta, ya daki bakin kwalbati. Ƙarar ba ta da yawa, kamar an yar da faranti. Ya kife, ƙafar baya tana juyawa a sama.

"Innalillahi!" Hamma ya taka birki.

Na ce, "Hamma, mu tafi! Mu je ofishin 'yan sanda, kada ka tsaya a nan!"

Ko kallona bai yi ba. Ya buɗe ƙofa ya fita, ya nufi keken da gudu, ya bar fitilu a kunne.

Wajen akwai masu shayi da masu faci, ga keke biyu da ke bin na farkon a baya. Dukkansu sun ga abin da ya faru. Kafin Hamma ya kai kwalbatin an sha gabansa.

"Shi ne! Shi ne direban! An roƙe shi sau uku, ya ƙara wuta!"

Wani ya shaƙe masa wuyan riga. Hamma ya ɗaga hannu yana cewa a bari a ciro mutane tukuna, sai mari. Hularsa ta faɗi. Wani mai keke, ƙato, ya zo da ƙarfen cire taya. Dukan farko a kafaɗa ya sauka, na ji ƙarar daga inda nake. Hamma ya durƙusa. Suka ja shi a ƙasa har gaban motar, suka kama kansa suka tura fuskarsa kan fitilar.

"Kalla! Buɗe idonka ka kalla! Ka ji yadda yake?"

Wani ya kawo dutse ya fasa fitilar, fuskar Hamma tana wajen. Gilashi ya watse. Aka fasa ta biyun, wurin ya yi duhu, duka ya ci gaba a cikin duhun: ƙafa, itacen mai shayi, benci. Hamma bai yi ihu ba. Salati kawai nake ji, yana yankewa duk lokacin da ƙafa ta same shi.

Ni fa? Na fito ta ɗaya ƙofar, na tsaya cikin mutane. Ba wanda ya taɓa ni, don ba a gan ni a sitiyari ba. Wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce, "Kai fasinja ne? Motan waye?" Ni da ba a gama faɗa mini magana ban mayar ba, ni da na cika Luggere da ham sati guda, na rasa kalma biyu: tawa ce. Na zare hannuna na matsa baya. Tsoro ne, ba wani abu ba, kuma har yau ina jin kunyarsa.

Wadda ta cece shi ita ce matar da ke cikin keken. Daga baya na ji malamar asibiti ce, tana dawowa daga taron mata a coci. An ciro ta hannunta na hagu a karye yana reto, goshinta yana jini. Ta ratsa mutane ta zauna daɓas a kan bayan Hamma.

"Duk wanda zai sake dukan baban nan, ya fara da ni! Ni ne na karye, ba ku ba. Direbanmu yana can yana zubar da jini, kun bar shi kuna kashe wani. Ku kawo keke!"

Mai ƙarfen ya tsaya yana huci, sannan ya sauke hannu. A keke ɗaya aka ɗauki Hamma da direban da ya kife, kan wannan a cinyar wancan. Sai a lokacin na matso na ce ɗan'uwana ne.

Direban keken ya tashi da ɗinki a ka da haƙora biyu da suka zube. Hamma ya kwana goma sha tara a asibiti. Haƙarƙari uku, kafaɗa, sai idon hagu da gilashi ya shiga. Likita ya ce babu abin da za a yi wa idon.

Da ɗan sanda ya zo ɗaukar bayani ina tsaye a bakin gado. Ya tambayi wanda ya ɗaga wuta. Na buɗe baki, Hamma ya riga ni.

"Ni ke tuƙi," ya ce. "Rubuta haka."

Bai taɓa tayar mini da zancen ba, ko sau ɗaya. Da ya zage ni, ko ya kwaɗa mini mari gaban iyalina, da na fi samun sauƙi. Na je na same shi da niyyar neman gafara ya fi a ƙirga, sai ya hau tambayata lafiyar yara.

Juma'ar farko da ya iya fita, na je Adarawo na raka shi masallaci da ƙafa. Muna tafe ina gefensa, na tattara ƙarfin hali na fara magana, na ce Hamma, ranar nan ni na ja wutar, kuma da aka tambayi mai mota na yi shiru. Ya tsaya. Ya juyo da kansa gaba ɗaya yana nemana, sai da ya kusa ba hanya baya kafin ya same ni.

"Na sani," ya ce. "Dawo ta hannun dama. Ba na ganinka ta nan."