Ledar Kujerar Yaya

Na dawo daga karatu mai nisa da ra'ayin cewa ingancin babur yana ga ƙasar da ta ƙera shi: ka karanta tambari, ka gama sanin komai. Yanzu ina kokwanto, kuma wani bakanike da ke bayan tasha ne ya jefa ni a ciki.

Ƙara-Ɗaure ake kiransa. Shekara ashirin da biyu yana ƙarƙashin rumfar kwano ɗaya, da bencin da bulo ya maye wa ƙafa ta huɗu, da tsohon kwanon da yake wanke notuna a fetur. Sabon babur a kwali yake zuwa, gunduwa-gunduwa, a shagon dila ake haɗa shi, wani lokaci goma a yini. Shi ya sa duk wanda ya sayi sabo sai bakaniken ya ce masa, "Kawo a ƙara ɗaure." Daga nan sunan ya bi shi. Rabin unguwa na jin maganarsa. Yayansa, uwa ɗaya uba ɗaya, ba ya ciki.

Yayan burodi yake raba wa shaguna sha huɗu kowace safiya. Da tsohon babur ɗinsa ya gaji, ya sayo sabo, ƙirar ƙasar da kowa ke yabo, ya biyo ta rumfar don a gani kawai. Ledar kamfani na nan lulluɓe da kujerar, har ya ƙara mata salatif.

"Yaya, bar shi awa ɗaya in bi notunan."

"Auta, karanta nan. Ka san mutanen da suka ƙera wannan? Kai da sifanarka mai tsatsa za ka gyara musu aiki?"

Kwana tara tayar baya ta fara rawa. Sarƙa ta zame sau biyu a hanya, burodi ya isa shaguna bayan masu shayi sun gama ciniki. Mai gidan burodin ya kira shi gefe ya ce in ya sake makara, wani zai karɓi layin. Layin nan kuwa shi ke ciyar da gidan Yaya.

Da hantsi Yaya ya turo babur ɗin rumfar, gumi sharkaf.

"Jabu suka ba ni. Tambarin ma na ƙarya ne. Sayar da shi zan yi, in nemi na wata ƙasar."

Ƙara-Ɗaure ya tsuguna, ya girgiza tayar da hannu ɗaya. Ya ƙwanƙwasa firam ɗin babur da sifana, ya saurara. Ƙarfe mai kyau ne, walda tsaf. Amma a jikin sandar da ke riƙe tayar akwai giɓi, wurin wani ɗan zoben ƙarfe da ba a sa ba. Ya san halin masu haɗi: abin da ya ragu a hannunsu ba sa jefarwa, ƙarƙashin kujera suke cusawa.

"Zan ɗaga kujera."

"Ɗaga, amma kar ka taɓa ledar."

"Ledar ta rufe notunan kujerar, Yaya."

"To ka san dabara. In ka yage ta, wa zai yarda sabo ne?"

Ƙara-Ɗaure ya ajiye sifana, ya dubi rufin kwanon na ɗan lokaci. Tun suna yara haka Yaya yake. Takalmin makarantarsa ma a hannu yake riƙewa in hanya da laka.

"Gobe da safe ledar za ta kai burodin?"

Auta ya sa farce ya keta ta daga gaba har baya. Yaya ya kau da kai kamar ana yi masa allura.

A ƙarƙashin kujerar, kusa da jakar kayan gyara, ga wani ƙulli: zoben, da notuna uku, da ƴar wayar da ke hana babban noti kwancewa. Ya zube su a tafin hannun yayansa.

"Mutanenka sun aiko da komai. Ga shi kwana tara kana zaune a kai."

"Ni na haɗa?"

"Ba kai ba ne. Kai dai ka yi gadinsu."

Bai kai awa ba ya gama. Washegari burodi ya riga masu shayi isa, layin kuma ya zauna a hannun Yaya. Godiya dai ba a yi ba, sai burodi ɗaya da aka ajiye a kan benci ba magana.

Da Ƙara-Ɗaure ya ba ni labarin nan yana wanke notuna, na tambaye shi, "To ƙasar da ta ƙera babur tana da tasiri ko babu?"

Ya ce, "Tana da shi mana. Wannan ƙarfen zai yi shekara goma, wani uku ma da ƙyar. Amma duk a kwali suke zuwa, kuma ban taɓa ganin ƙasar da ta biyo kwalin ta ɗaure noti ba. Kai, bar ni da Yaya. Jiya ya zo da sabuwar leda, wai in mayar masa."