Tatsuniyar Hajara da Rana Tsaka

A gidanmu na Getso, lokacin ɓarar gyaɗa shi ne lokacin tatsuniya. Bayan sallar isha mukan zagaye kakarmu Inna Delu, muna ɓara muna jefa ɓawon a wuta. Ƙanwata Hajara ce kaɗai ba ta dariya idan muna yi. Ƙyanda ta tafi da jinta tun tana goye, ga wutar ɓawo hayaƙi ne zalla, ko bakin Inna ba ta gani.

Kawu Sale ya riga ya yanke mata hukunci. Wani dare ya ce, "Wannan ba ta da kai. A bar ta da awaki, wane allo?"

Inna ta ce, "Kai da kunnenka biyu, me ka taɓa ji ka riƙe?"

Washegari da hantsi ta shimfiɗa tabarma a gindin ɗorawa, wai tatsuniya za ta yi. Muka ce kada ta yi, don kowa ya san mai tatsuniya da rana ɓata yake yi. Inna ta ce, "In ɓata mana! Ina zan je da wannan gwiwar?"

Ta zaunar da Hajara a gabanta, ta yi labarin da baki da hannu da gira. Wai kura ce ta koyi muryar uwar awaki, ta zo bakin garke tana kira. Duk 'yan awakin suka ruga, sai guda ɗaya kurma. Shi bai ji daɗin murya ba, sawun ya duba, ya ga ba kofato ba ne, ya tare ƙofa. Da Inna ta zo kan kukan kura, sai ta ɗora tafin Hajara a nata maƙogwaron. Yarinyar ta zabura, sannan ta fashe da dariya. Wallahi sai da na yi hawaye.

Da yamma Hajara ta ja Kawu har tabarma, ta maimaita masa labarin da hannu, ba ta tsallake komai ba. A satin Inna ta saya mata allo, ba ta nemi izinin kowa ba.

Na daɗe ina zaton labarin kura ne kawai, ashe na Hajara ne. Sai da na girma na gane cewa kai dai Hajara tana da shi tun farko, haske muka hana ta. Yau tana Kabo da jikokinta, kuma da rana tsaka take yi musu tatsuniya. Har yanzu babu wanda ya ɓata.