Ƙamus da Kalmar Likita

Mai gyaran liftar nan mutum ne da ba ya barin kalma ta wuce shi. Shekara ashirin da uku ya yi yana aiki a wani bene mai hawa goma sha huɗu, kuma duk Turancin da ke bakinsa a nan ya tsince shi, ɗaya bayan ɗaya, daga bakin injiniyoyi da jikin allunan ƙarfe. Karatunsa bai wuce aji shida ba, amma in ya ji sabuwar kalma sai ya bi ta har gidan ubanta: wa ya faɗe ta, a kan me, da wace irin fuska. Masu gadin benen suna ce masa Ƙamus, rabi tsokana rabi girmamawa, shi kuwa da ƙarfinsa yake amsawa.

Cikin kalmomin da yake taƙama da su akwai fanik. A saninsa, fanik sunan jan maɓallin nan ne na cikin lifta, wanda mutum ke dannawa in ta maƙale da shi tsakanin hawa biyu. Da ƙararrawa ta kaɗa a ɗan ɗakinsa mai warin giris, sai ya ajiye kofin shayi, ya ɗauki sifana da tocila, ya hau. Yana isa ya ƙwanƙwasa ƙofar ƙarfen ya ce, “Don fanik,” kamar yadda ya ji injiniya na faɗa tun yana sabon shiga. A fahimtarsa, cewa yake don maɓallin ya zo. Mutane kuwa da sun ji sai su natsu, don haka bai taɓa zargin komai ba.

A gida ne abin ya fi ƙarfin sifanarsa. Shekara biyu ke nan matarsa tana fama da wani abu. Da rana tsaka, tana cikin aikinta, sai gumi ya karyo mata, numfashi ya ƙi, ta zauna a ƙasa riƙe da ƙirji tana cewa mutuwa za ta yi. Bayan kamar minti goma sha biyar ya sake ta. Asibiti biyu suka gwada jini da zuciya, ba a ga komai ba. Ƙamus kuwa irin mutanen nan ne da in ba su ga wayar da ta tsinke ba, to babu abin da ya lalace. Wata rana a gaban ƙanwarta ya yi dariya ya ce, “Yayarki raki ne kawai ke damunta.” Ba mugu ba ne, amma bakinsa yana riga tunaninsa fita. Tun daga ranar ta daina faɗa masa. Sai dai ya tarar da ƙofar ɗaki a rufe, can ta fito ta wanke fuska tana tambayarsa ko zai yi wanka. Wannan shirun ya fi ciwon cin ransa, ko da yake bai yarda ya faɗa wa kowa ba.

A asibiti na uku, wata likita ta duba takardun duka ta ce, “Baba, zuciyar Mama lafiya lau take. Abin da ke damunta shi ake kira fanik atak.”

“Fanik na lifta?” in ji shi.

Likitar ta yi murmushi, ta ce ciwo ne na gaske kuma ana maganinsa, ta rubuta musu ranar dawowa. Layi ya yi tsawo a waje, nas har ta kira na gaba. Haka ya fito da kalmomi biyu a hannu. Ɗaya maɓalli ce a saninsa. Ɗayar kuwa, atak, ya san ta a bakin masu gadi ranar da zuciyar shugabansu ta buga, ya faɗi a bakin ƙofa bai tashi ba.

Asabar da safe ya tafi wurin ƙanensa, malamin Turanci a makarantar sakandare. Ƙanen ya ture tarin littattafan da yake dubawa, ya sauko da ƙaton ƙamus na gaske daga kan kabad.

“Yaya, fanik ba maɓalli ba ne. Tsoro ne mai zuwa farat ɗaya ya ɗauke wa mutum tunani.”

“To don fanik fa?”

Da ƙanen ya gane abin da yayansa ke nufi, sai da ya cire tabarau ya share hawayen dariya. Ashe shekara ashirin da uku Ƙamus yana ce wa mutane kada su firgita, da Turanci mai kyau, bai sani ba. Kunya ta ɗan kama shi, amma son sani ya fi ta ƙarfi. Ya gyara zama ya ce a kawo masa ita da Hausa.

Ƙanen ya ce tsoro. Ya ce a'a, tsoro yana da abin da ake tsoro, kare ko ɓarawo. Firgita? Wannan sai an buga ƙofa ko an fasa faranti. Suka bi ta kan razana da ruɗewa da kiɗimewa da gigicewa, yana juya kowacce kamar mai zaɓen noti, yana ajiyewa. Ƙanen ya ƙara masa cewa ana faɗarta in taro ya watse da gudu ba wanda ya san me ya koro shi, ana kuma faɗarta in jita-jita ta sa mutane suka wawashe kanti. Har ya karanto masa asalinta, daga sunan wani gunkin mutanen Girka na da mai ƙafafun akuya, wanda aka ce yana razana mutane a daji.

“Ashe su ma suna da nasu aljanun,” in ji Ƙamus.

“Na likita kuma shi ne mai zuwa ba tare da an ga abin tsoron ba,” in ji ƙanen.

Ƙamus ya girgiza kai. “Ƙararrawa ba ta kaɗa kanta. In ta kaɗa ba kowa a ciki, to akwai inda waya ta taɓu.”

“To ita matar taka me ta ce?” in ji ƙanen.

Sai a nan Ƙamus ya farga. Ya tambayi likita, ya tambayi masu gadi, ya tambayi littafi mai shafi dubu. Mai abin ce kaɗai bai tambaya ba.

Ya same ta a tsakar gida tana shanya. Ya ɗauki bahon kayan ya riƙe mata, abin da bai taɓa yi ba, ta dube shi da gefen ido.

“Maman yara, abin nan da ke zo miki, ke me kike ce masa?”

“Ai ka riga ka raɗa masa suna.”

“Na yi kuskure. Ki yafe mini.”

Ta matse wata riga, ta karkaɗe, ta rataya. Sannan ta juyo gare shi.

“Ka tuna ranar da lifta ta zame kana kan rufinta? Mai gadi ya zo nan da jakarka da hularka. Ya ce in zo asibiti, bai ƙara komai ba. Daga ƙofar nan har na isa gadonka, awa ɗaya, na gama binne ka a raina. Na tarar da kai zaune, yatsa ɗaya a naɗe, kana ba nas dariya. Wannan awa ɗayar ce take dawowa, kuma ba ta sallama.”

Labarin ranar ne ya fi so cikin duk labaransa. Ba baƙon da zai zauna a falonsu bai ji shi ba, har da kwaikwayon ƙarar igiya da ihun mai gadi, ita kuwa tana tsaye da farantin shayi tana taya su murmushi.

“Sau nawa na ba da labarin nan a gabanki?” ya tambaya a hankali.

“Ban ƙirga ba,” ta ce, tana miƙa hannu cikin bahon. “Jiya ma ka bayar.”