Bangon Arewa na Masallacinmu

Tun da na kammala karatu na dawo ƙauyenmu da ke kusa da Wagini, ba na iya wuce masallaci sai na kewaya na dubi bangonsa na arewa. Ya tsage daga sama har kusan ƙasa, ga damina ta ƙarato.

Daga bakin kakata na fara jin labarin wannan bango. Da an idar da sallar magariba takan zauna gaban murhu tana jiran tuwo ya nuna, mu jikokinta mu kewaye ta. Ni kuwa ba na iya zama wuri ɗaya.

"Kai maigidana," in ji ta, "in ba ka zauna ba, gobe in nemi wani mijin. Wannan ba ta Gizo ba ce, kakata ta gani da idonta."

Ta ce a zamanin da Sarkin Katsina ke kai gaisuwa Sakkwato, kafin zuwan Turawa, mutanenmu a gindin tsamiya suke salla, ruwa na korarsu. Sai manoma da Fulanin rugar bayan gari suka haɗa hannu. Manoma suka kwaɓa ƙasa suka yi tubali, Fulani suka ɗauko azara a kan takarkarai tun daga wajen Tsaskiya. Da aka gama, liman ya raba bangon: uku ga unguwannin manoma, na arewa ga Fulani, kowa ya yaɓe nasa kafin ruwan farko. Amma lokacin yaɓe Fulani suna can kudu da shanu, saboda haka manoma ke yaɓe musu, su kuma bayan girbi su zaunar da garke a gonaki ya bar taki.

Wata shekara shanu suka cinye gonar wake. Da lokacin yaɓe ya zo, mai gonar ya ce, "Bangonsu ne, su zo su yaɓe abinsu." Liman ya yi lallashi, aka ƙi saurarensa.

"Sai mi ya faru, Kaka?"

"Sun manta azara a kan bango biyu take kwance, 'yan nan! Ruwa na uku, na arewa ya zube, rufi ya bi shi, ya jawo na kudu. Na kudun kuwa na unguwar mai waken ne." Damina guda aka koma gindin tsamiya, kafin a aika ruga a sake gini tare.

A lokacin dariya muke yi wa wautar dattawan. Yanzu na gane ba wawaye ba ne, mutane ne da aka ɓata wa rai.

Shekara uku ke nan da Fulaninmu suka tashi, tun da zaman lafiya ya yi ƙaranci, kuma ba wanda ya taɓa bangon. Jiya bayan la'asar a masallaci na tayar da maganar yaɓe shi. Baffana ya ce, "Ɗana, boko ya mantar da kai abin da aka yi mana? Bangonsu ne." Ina cikin waɗanda suka raka shi binne ɗansa da aka kashe a lokacin. Sai na ɗaga kai na dubi azara.

Yau da safe na ari jaki, na jido ƙasa, na fara kwaɓawa ni kaɗai, hadari na haɗuwa a gabas. Baffa ya zo ya tsaya a kaina, yana duban kwaɓin. Sannan ya naɗe hannun rigarsa.

"Ruwa ya yi wa ƙasar yawa," ya ce. "Matsa."