Yadda Aka Ƙirga Hamsatu Aka Bar Ni

Hamsatu mai faifai maƙwabciyata ce. Danga ɗaya ta raba mu, kuma dangar ma ni na kafa ta. Tun da hotonta ya hau bangon meri, ofishin magajin gari, kowa a Dakoro ya zama ɗan'uwanta, kowa yana da labarinta a baki. To ni na san ta tun ba ta da tabarmar zama, don haka a saurari nawa.

Daga wani ƙauye na Birnin Lalle suka zo, shekarar da fari ya share dabbobi. Ita da mijinta Halidu da wani jaki da ya fi su rama. Halidu makiyayi ne da abin kiwo ya ƙare masa, sai ya koma jan ruwa yana kai wa gidaje. Ita kau ba ta zo da komai ba sai ɗinkin faifai da surutu. Faifanta na lokacin fari ne fat, kamar fuskar mai jinya, a kasuwa ba mai ko ɗaga shi. Ni sunana Mata, sana'ata rinin kaba, gadon uwata. In dafa karan dafi da kanwa su ba ni ja, bagaruwa da kashin maƙera su ba ni baƙi, saiwar rawaya ta ba ni ruwan ɗorawa. Wata rana tausayi ya kama ni, na miƙa mata damin jar kaba ta kan danga na ce ta gwada. Daga ranar ba ta ƙara ɗinka kabar da ba ta bi ta tukunyata ba.

Ba zan ci haƙƙinta ba, tana da hannu. Ɗinkinta ƙanana ne a matse, ko garin gero ba ya samun hanyar zuba. Zane kuma a kanta yake fitowa, yau sawun zabo, gobe wani abin da ita ma ba ta san sunansa ba. Da faifai ta aurar da ɗiyanta mata, da faifai ta yi jinyar Halidu har ya koma ga Allah. Amma tana cikin mutanen nan da in sun faɗa rijiya sai su fito da gugan wani a hannu. Wayo babu ko na dala. Akuyarta ba ta haihuwa sai tagwaye. Haƙoranta har yau cif, tana ɓantarar goro a gabana, ni sai an goga mini.

Bara bayan girbi mai shela ya zaga gari, wai mutane daga Yamai za su bi gida-gida su ƙirga masu sana'ar hannu da makaɗa da mawaƙa. Ni na ga ƙidaya iri-iri a duniya. In hukuma ta ƙirga ka, ko ba ka za ta yi ko karɓa, kuma ban taɓa jin an ƙirga mai sana'a don a ba shi ba. Na ce patanti ne, harajin masu sana'a, ya sake riga. Na kife tukwanen rini a bayan rumbu na yayyafa musu kara, na ƙunsa lalle don jan da ke tafin hannuna ya samu uzuri. Sannan na kira Hamsatu bakin danga.

"Ke, in sun zo ki ce ba ki komai sai jiran Allah."

"Yaya, da faifai rataye a ɗaki har sama?"

"To in bakinki ba zai rufu ba, ya buɗe a kanki ke ɗai. Rantse ba za ki ambaci sunana ba."

"Wai har da rantsuwa?"

"Har da ita. Na san ki."

Ta rantse da Allah, tana dariya.

Wadda aka turo unguwarmu wata yarinya ce ƴar lakwal mai karatun boko, Raudatu, da wata ƙatuwar waya da take latsawa. Gidana ta fara shiga.

"Inna, wace sana'a kike yi?"

"Ɗiyata, sana'ar tsohuwa ai ciwon gwiwa ne."

Ta dubi hannuwana ta ce lallena ya kama da kyau, ta yi mini sannu, ta fita. Ko ruwan da na ba ta ba ta shanye ba.

A gidan Hamsatu kau sai da inuwa ta juya tana zaune. Na jawo kujera jikin danga ina tsince wake. Tambayoyin ba su yi mini kama da na mai karɓar haraji ba, amma na ce dabara ce. Baki nawa ke ci daga faifan? Wa ke kawo kaba, wa ke saye? Mata nawa ta koya wa? Hamsatu ta kwance bakin buhu. Ta lissafa masu yanko kaba daga gulbi, da mai amalanken da ke ɗauko ta, da dillaliyar da ke kai faifan kasuwar Ajekoriya, da matan Fulani da ke saye su rufe ƙwaryar nono, da Buzayen da ke saro shi su yi arewa. Har ƴan matan da suka zauna gabanta suka koya ta kira sunansu da na mazajensu.

Yarinyar ta ce, "Inna, da a ce babu mai ɗinkin faifai a garinga, me za a rasa?"

"Amarya ta tare da bango tsirara, fura ta kwana da ƙuda."

Na ji yarinyar tana dariya. Can ta ce, "Wanga jan fa, wa ke rina miki?"

Na tsaya da tsince waken. Hamsatu ta ce, "Nan kam an ɗaure mini baki, ɗiyata. Wuce gaba."

A zuciyata na sa mata albarka.

Na yi ta jiran mai patanti ya zo ya kama ta, in yi mata jaje. Abin da ya zo motar meri ce. Ashe so ake a san yawan gidajen da irin wannan aiki ke ciyarwa, da abin da yake ɗaure wa jama'a na biki da zumunci, a kai wa manya su gani. Aka ba Hamsatu kart mai hotonta na mai sana'a. Aka kai ta baje koli Maradi, ta kwana a ɗaki mai fanka, ta dawo tana ba ni labarin famfon da ke zubo ruwa daga sama. Na ce mata mu ma muna da shi, damina sunansa.

Sai rediyon gari ya kira ta. Ina zaune a tsakar gida na ji mai shirin yana cewa Hajiya Hamsatu, matar da iyakar tafiyarta Maradi. Ya yabi ɗinki kaɗan, sannan ya zauna a kan jan. Wai ja ne mai zurfi, rana ba ta cin sa, na kanti ba ya kama ƙafarsa. Ya ce ina take samu? Ta ce akwai mai yi, amma ba ta so a sani. Kafin dare mata sun raba jan nan gida biyu a bakin famfo. Wasu sun ce daga Agadas ake aiko mata, wasu sun ce tana da aljana. Jan da na ƙone yatsuna a kansa tun ina budurwa, aljana ta samu.

Na ɗauki sandata na tafi meri. Na iske wani ma'aikaci yana shan shayi, na ce na zo a ƙirga ni.

"Inna, an rufe, an aika Yamai tuni. Ba a je gidanki ba?"

"An je. Lokacin ba ni da lafiya."

"To sai wani zagaye."

"Yaushe?"

"In an samu wani furoje da zai kawo kuɗin aikin."

Na dubi ƙafafuna, na dubi shi, na fito. Bangon da na bi kuwa ga hoton Hamsatu a manne, tana riƙe da faifai, haƙoran nan duk a waje.

Ban shiga gidana ba, nata na shiga.

"Hamsatu, ashe haka kike?"

"Yaya, me na yi kuma?"

"An tambaye ki a rediyo, gari duka na ji, kika bar ni ga aljana."

"Ke kika sa ni rantsuwa."

"Tun da na san ki ba ki taɓa riƙe magana daga asuba zuwa hantsi ba. Sai wannan?"

"Sai wannan kika ce in rantse, Yaya. Sauran ba ki ce ba."

"To na warware miki."

"Ke ce Allah? Sai na tambayi malam."

Ta yafa gyale ta tafi wajen malam da gaske. Ya ce in za ta karya rantsuwa sai kaffara, ta ciyar da miskinai goma. Ta dawo ta ce ita ba ta da niyyar karyawa, ni ke so, don haka geron daga rumbuna zai fito. Na auna mata ina zagin ta, tana cewa in cika tiyar da kyau, ta Allah ce.

Daga ranar bakin ya buɗe. A kasuwa, a gidan suna, a layin likita, duk wanda ya taɓa faifanta sai ta ce, "Jan nan na Yaya Mata ne, maƙwabciyata." Ba ta rage komai ba, har ƙari take yi, wai uwata ta gaji sirrin daga kakarta, abin da ni ban sani ba. Mutane suna gyaɗa kai su biya faifan Hamsatu. Sunana ya zaga gari kamar yadda na so, amma bai zaga shi kaɗai ba. Yanzu ba mai cewa Mata mai rini. Mata ta Hamsatu ake cewa, kamar akuyarta.

Shekaranjiya wata mata ta yi sallama da damin kaba a ka, daga Korahane ta taso.

"Nan ne gidan tsohuwar da ke rina wa Hajiya Hamsatu?"

"Nan ne gidan tsohuwar da Hamsatu ke ɗinka wa kaba."

Ta dube ni ba ta gane ba. Ta sauke damin ta ce irin jan Hajiya take so, kada ya bambanta. Na ce ta dawo ranar kasuwa, na hura wuta.