Bambar Ɗin Da Ya Ƙi Karyewa

Zainul'abidin mai walda ne a bayan kasuwar Suk al-Shabi. Kakansa ya baro Haɗeja a ƙafa zai tafi Makka, ya tsaya a Umdurman ta ƙasar Sudan ya ɗan huta, har yau jikokinsa ba su gama hutun ba. Shi Zainu ƙarfe ya sani tun tasowarsa, har ana ce masa Usta, wato gwanin sana'a, kuma abin da ya fi ƙerawa shi ne bambar, 'yar gajeriyar kujerar nan da masu shayi ke jerawa a bakin titi.

Babbar mai sayen kayansa Mawahib ce, mai shayi a tashar mota. Duk mako sai ta kawo masa karyayyu a raksha, wato a-daidaita-sahu.

"Usta, ƙarfe kake sa musu ko karan dawa?"

"Ƙarfena lafiyarsa ƙalau, Hajja. Mutanenki ne ba su iya zama ba."

Da gaskiyarsa. Ƙafa huɗu ya yi wa bambar, amma direba na karɓar kofi sai ya kishingiɗa baya, ya ɗaga biyu sama, yana lilo yana gardamar ƙwallo. Kwandasta kuma ya taka ya hau saman mota ɗaure kaya.

Ranar da Mawahib ta ce in aka sake karya ɗaya za ta koma kujerun roba, sai Zainu ya kunna inji. Ya ƙara kaurin ƙarfe, suka ɓalle waldar. Ya ninka waldar, suka lanƙwasa ƙafa. A ƙarshe ya baje ƙafafun baya, ya haɗe su da wata sanda mai kwanciya a ƙasa. Ya kira wani ƙaton ɗan dako ya ce ya yi lilo a kai. Mutumin ya yi gumi, bambar ko gezau.

Aka daɗe raksha ba ta zo ba. Zainu ya sa farar jallabiya ya tafi tasha karɓar godiya.

Ya tarar da Mawahib ita kaɗai tana korar ƙuda, kujerunsa a jere. Direbobi duk suna tsallaken titi wajen wata mai shayi, Ni'mat, a kan kujerun robar da aka ɗinke da waya, suna ta lilo.

"Ko ɗaya bai karye ba," in ji shi.

"Wa ya zauna balle ya karya? Sun ce kamar zaman gaban alƙali."

"Don kar su faɗi ne fa na yi."

"Wa ya ce maka sun damu? Ka dawo min da mutanena, Usta, ko gobe ka gan ni da roba."

Ya aro zarto wajen mai gyaran mota, ya tsuguna a ƙasa da farar rigarsa, ya shiga yanke sandunan. Bai gama ba wani direba ya tsallako, ya ja ɗaya, ya kishingiɗa. Zainu ya ji waldar ta yi 'yar ƙara. Bai waiga ba, ya jawo na gaba.