Gandun da Aka Ba Halilu

Yayana Halilu ya fi shekara ashirin yana nazarin aiki, amma ban taɓa ganin kanta a tafin hannunsa ba. Ni Badi'a, autar gidanmu a Gammo, da ɗan haushi nake faɗar haka, domin ni aka cire daga firamare in taya Inna surfe, shi kuwa aka sayar da maraƙi aka tura shi jami'a a Kano.

Tarihin tunanin siyasa ya karanta, ya kuma maƙale wa ɓangaren aiki da ƙwadago. In ya zo hutu sai ya baje a zaure yana bayani. Wai mutanen Girka na dā sun ɗauki aikin hannu na bayi ne. Wai daga baya wasu masana suka ce in gumin mutum ya gauraya da ƙasa, ƙasar ta zama tasa, wasu kuma suka ce dukiyar mai dukiya gumin lebura ce. Halilu yana ɓangaren masu gumi, har jijiyar wuyansa kan tashi. Ina laɓe a bayan ƙofa ina saurare, daɗi na kashe ni, ƙyashi kuma na cin raina.

Babanmu, Malam Dabo, yakan saurara har ƙarshe ya ce, "To, madalla." Sannan ya juya wajen Haladu, ƙanin Halilu, ya tambaye shi ko an gama maimai a gonar gabas. Haladu ne ƙashin bayan gandunmu, babbar gonar gida da 'ya'ya ke nomawa a ƙarƙashin uba, a ci daga rumbu ɗaya. Wannan juyawar da Baba ke yi ita ce ciwon Halilu. Duniya ta ba shi digiri, amma abin da yake so shi ne Baba ya dube shi yadda yake duban Haladu.

Da zamanin tsuke bakin aljihu ya zo aka yi ta rage ma'aikata, guguwar ta kwaso Halilu daga kwalejin da yake koyarwa ta dire shi gida. Da ƙyar ya samu koyarwa a wata sakandare a Gwarzo, kullum yana hanya a tsohon babur. Albashin ba ya kai wa ko'ina, don haka tuwon matarsa Kamila daga rumbun gandu yake fitowa, Haladu ne kuwa mai buɗe rumbun. Haladu bai taɓa yi masa gori ba, wannan ma ya ƙara ƙular da shi.

Wata rana ya ce da ni, "Haladu fa bai san ma'anar abin da yake yi ba. Noma kawai yake yi."

Na ce, "Yaya, shi bai san ma'ana ba, kai ba ka san fartanya ba, sai ku haɗa jari." Bai sake yi mini magana ba sai da sallah.

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, kowane dandali maganar haƙƙi da gado ake yi. Gwiwoyin Baba sun mutu, ya kuma ji tsoron a yanyanka gonar bayan ransa, sai ya ce zai miƙa ragamar gandu ga ɗaya daga cikin 'ya'yansa tun yana da ido. Nan fa Halilu ya tashi haiƙan. Ya kai wa Gwaggo, 'yar'uwar Baba, goro, ya yi ta sintiri gidan liman, ko'ina ya zauna sai ya tuna wa mutane cewa babban wa magajin uba ne.

Na tare shi na ce, "Ina batun gumin? Ba kai ka ce wanda ya jiƙa ƙasa da guminsa shi ne mai ita ba?"

Ya ce, "Wannan nazari ne. Nan kuwa al'ada ake yi."

Ranar da aka taru a zaure bayan la'asar, ga liman ga baffanninmu, Baba ya ce Halilu ne zai riƙe gandu. Ni kaina sai da na yi salati. Haladu ya miƙa wa yayansa hannu ya ce, "Allah ya taya riƙo." Kafin ruwan shuka ya nemi iznin Baba ya fita daga gandu. Surukansa suka ba shi aron gona a Durun, ya kwashe garmarsa da iyalinsa ya koma can.

Halilu ya ɗinka sabuwar babbar riga, ya yi ta zagaya gonar hannu a baya. Da damina ta kankama ciyawa ta fara shanye dawa, sai ga shi a bakin kasuwar Kabo yana ja-in-ja da 'yan ƙwadago, mutanen da ya ƙare ƙuruciyarsa yana kare su a rubuce. Duk da haka bai karaya ba, don a ganinsa Baba ya auna su biyu ya ga shi ya fi nauyi. So yake kawai ya ji hakan daga bakin Baba.

Wata rana ina ba Baba kunu da safe sai Halilu ya shigo ya durƙusa. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Baba, mutane na ta surutu. Ni dai na san ba don shekaru kaɗai ka zaɓe ni ba. Me ka gani a wurina?"

Baba ya ajiye ludayi, ya dube shi da tausayi.

"Halilu, ai Haladu ko kan dutse ka ajiye shi zai ci abinci. Kai kuwa in ban bar maka rumbun nan ba, me za ka ci?"

Na yi shekara da shekaru ina jiran ranar da wani zai sauke wa Halilu girman kai. Da ta zo, sai na kasa ɗaga ido in dube shi. Ya ce, "Na gode, Baba," ya tashi ya fita, ko takalmansa bai tsaya sawa ba.